Jirgin ƙasa ko jirgin ruwa: wanne Sakkwatawa za su fara nema?

Idan ƙungiyoyin gari suka zauna kan maganar sufuri a Sakkwato, kai yakan rabu biyu. Wasu dogo suke so. Hujjarsu mai ƙarfi ce: layin da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Kaura Namoda tun 1929, bai taɓa ƙarasowa birnin Shehu ba. Sabon layin Kano zuwa Maraɗi ma ta Katsina da Jibiya ya bi. Albasa, fatu da shanu duk a tirela suke tafiya kudu, kuɗin dizal kuwa a kan mai saye yake ƙarewa. Sai dai dogo mai ratsa jihohi aikin gwamnatin tarayya ne, na bashi da shekaru.

Jirgin ruwa fa? Wannan magana ce ta rai. Mutanen ƙauyukan bakin Gulbin Rima da madatsar Goronyo, da damina kwale-kwalen katako ne motarsu ta zuwa kasuwa da gona. A cika shi da mutane, babura da buhuna, babu rigar kariya daga nutsewa ko ɗaya. Hatsarin kwale-kwalen Goronyo na Agustan 2025 bai bar zukata ba tukuna. Jirage masu inji, mashiga mai kyau, da jami'in da zai hana lodi fiye da ƙima, duk jiha da ƙananan hukumomi za su iya yi a kasafin shekara guda, tare da NIWA, hukumar tarayya mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida.

A ganina a fara matsa wa 'yan majalisar jiha kan ruwa. Dogon, a riƙa tuna wa sanatoci duk zuwansu gida.