Na hau dutsen Rigi don ganin tafkuna, hazo ya ce ba yau ba

Dutsen dai ba shi da laifi. Haushina yana kan mutumin da ya haɗa mana tafiyar.

Watan Nuwamba ne, mu huɗu, a Suwizalan. Ya yi ta kururuta mana cewa daga ƙololuwar Rigi za mu hango tafkin Luzern ta gefe guda, tafkin Zug ta ɗaya gefen, ga ɗan ƙaramin tafkin Lauerz can ƙasa. Don wannan na cire kuɗina, kuma duk wanda ya taɓa taka ƙasar nan ya san kuɗinsu ba ya tausayin aljihu.

Da safe muka shiga jirgin ruwa daga Luzern zuwa Vitznau, ƙauyen da ke gindin dutsen, kusan awa guda, ba abin da ake gani sai hazo fari fat. Ko gaɓar ruwan ba ka hangowa. Tun daga nan raina ya ɓaci. Muka hau jirgin ƙasan da ke hawan dutsen tun 1871, wanda shi ne na farko irinsa a Turai. Tsakanin layin dogon akwai wani ƙarfe mai haƙora, shi jirgin ke cafka yana jan kansa sama sannu a hankali. Ni kuwa ina zaune ina ta ƙunƙuni.

Ba zato muka ɓullo daga cikin hazon. Rana tarwai, sama garau! Duk wanda ke cikin taragon sai da ya miƙe. Da muka isa ƙololuwar, wato Rigi Kulm, mai tsayin mita 1,798, sai ga hazon nan shimfiɗe a ƙarƙashinmu kamar auduga, iyakar ganin ido, kawunan tsaunukan Alps sun leƙo da ƙanƙara a kansu. Abin mamaki, sama ta fi ƙasa ɗumi, har na cire rigar sanyi. A wannan lokacin na shekara iska mai sanyi ce ke kwanciya cikin kwari saboda nauyinta, ta danne danshin tafkunan a ƙasa, mai ɗumi kuma ta zauna a bisa. Wallahi na kai minti ashirin ban ce uffan ba. A raina na ce na yafe wa mutumin nan.

To amma ina tafkunan? Suna ƙarƙashin audugar. Da na tambaye shi, sai ya ɗaga kafaɗa, wai ai haka Nuwamba take. Au, ka sani ke nan? Ka sani ka yi shiru ka karɓi kuɗin mutane? Ashe ma akwai kyamarori a saman dutsen da ke nuna yanayi kai tsaye a intanet, wata dattijuwa ce ta nuna mini a wayarta. Minti ɗaya ya ishe shi ya duba kafin mu baro masauki. Yafewar da na yi na janye ta.

Dab da za mu sauko, hazon ya ɗan tsage ta arewa, tafkin Zug ya bayyana, shuɗi mai duhu, da gidaje ƙanana a bakinsa. Ban gama daidaita waya ba ya sake rufewa. Hoto ɗaya na samu, shi ma rabinsa yatsana ne.

Rigi zan koma, in Allah ya yarda, amma da rani, kuma da kaina zan sayi tikiti.