Fostar wasan kwaikwayo a Legas: takarda ko fileks?

Fostar takarda mai girman A2 ta fi araha idan da yawa za a buga a Shomolu, unguwar masu buga takardu a Legas, kuma tana ɗaukar ƙananan rubutu: sunayen 'yan wasa, kuɗin shiga, lambar waya. A bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, a tura zanen a CMYK, wato tsarin launin da injin buga takarda ke amfani da shi, in ba haka ba launi zai fito a dushe. Matsalarta ruwan saman watan Yuni, wanda ke saɓule ta daga bango.

Fileks kuwa, wato babbar fostar da ake bugawa a kan leda mai kauri, ruwa bai dame shi ba, mai wucewa cikin danfo (bas ɗin haya) a Agege ma zai hango shi. Amma kada a cika shi: hoton fuska ɗaya, sunan wasa, rana da wuri. Rataye shi bakin titi sai da izinin LASAA, hukumar kula da allunan talla ta Jihar Legas. Da damina, shi ya fi.