Vim ko Neovim: wanne za ka haɗa da hannunka?

Ƙanina, ka tambaya wanne za ka haɗa tsakanin Vim da Neovim, editoci biyu na rubutu a kwamfuta. Vim za ka ɗauka. Tunda tsohuwar laftof mai Ubuntu da kwamfutar ofis mai Windows ne a gabanka, kuma daga tushe, wato ainihin rubutun manhajar (source code), kake son haɗa editan a kan kowacce, ba sai ka tsaya dogon tunani ba.

Wata ThinkPad T430 ta hannu ce da ni, shekaru ina morarta. Ranar da na fara haɗa Vim a kanta, a shagon wani abokina a Kabuga na sauke tushen gaba ɗaya, na zuba a filashi, na koma gida Gwammaja. Da magariba aka ɗauke wuta, batir kuwa ba ya wuce awa guda. Na shiga foldar src na buga ./configure --with-features=huge --prefix=$HOME/.local, ya yi ta dube-dubensa, sai ya tsaya ya ce bai ga ncurses ba, wani ɗan kayan manhaja da Vim ke buƙata. Na kunna datar waya na ɗauko libncurses-dev, abu ɗan ƙarami, na kashe. Daga nan make, sai make install. Kafin a kira isha'i ina rubutu a cikin editan da na haɗa da hannuna, batir da saura. Wallahi har yau ina jin daɗin wannan dare. Marigayi Bram Moolenaar, wanda ya fitar da Vim a 1991 ya riƙe shi har rasuwarsa a 2023, ya bar mana abin da ko injin da ya gaji yana iya ɗauka.

Ga inda mutane suke tuntuɓe. Idan ka gama, buga vim --version ka duba. Duk abin da ke da alamar + ya shiga, mai alamar - bai shiga ba. In ka ga -clipboard, ba za ka iya kwafar rubutu daga Vim zuwa burauza ba, kuma dalilin shi ne babu libx11-dev da libxt-dev a lokacin da configure ya yi bincikensa. Saka su, amma kada ka sake buga configure kai tsaye. Yana ajiye abin da ya gani a auto/config.cache, tsohuwar amsa zai maimaita maka. Fara da make distclean tukuna. Mai son Python a ciki ya ƙara --enable-python3interp, ya tabbata python3-dev na nan.

A Windows hanyar daban ce, amma filashin nan dai shi za ka soka. Can ba a bi ta configure. A cikin src akwai Make_mvc.mak na masu Visual Studio, sai ka buga nmake -f Make_mvc.mak GUI=yes ka sami gvim mai tagarsa. In MinGW gare ka, wato wani kayan haɗa manhaja a Windows, Make_ming.mak ne naka. Buɗe fayil ɗin ka karanta samansa kafin komai, zaɓuɓɓukan suna rubuce a wurin da bayaninsu; na MinGW kuwa yawancinsu suna cikin Make_cyg_ming.mak.

Neovim fa? Ba zan ce ba shi da kyau ba. Ya balle daga Vim a 2014, kuma tsarin haɗi ɗaya mai suna CMake yake amfani da shi a Linux da Windows da Mac, wannan gaskiyarsa ce. Amma da ka buga make sai ya hau intanet yana jawo LuaJIT da libuv da tree-sitter da sauransu zuwa foldar .deps. Ni sau biyu network yana yankewa a tsakiya, na kuma yi distclean ya share duk abin da ya sauke, datata ta tafi a banza. In kana matuƙar sonsa, ɗauki wanda suka riga suka haɗa, kada ka wahalar da tsohuwar laftof.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka, don na ji kana maganar canza inji. Kada sitikar Core i7 da ke jikin murfi ta ruɗe ka, ana ɓare ta daga wata a manna a wata. Je da filashi mai Ubuntu, ka tada injin a gaban mai shagon, ka buga lscpu ka ga ainihin furosesa, ka buga free -h ka ga RAM. Cire caja ka tsaya minti goma kana kallon batir. Wanda ya ce ba zai bari ka gwada ba, yi masa sallama ka ƙara gaba. Haka masu cewa za su saka maka "cikakken" Vim ko Ubuntu a kan kuɗi: dukansu kyauta ne, ladan aikinsa kawai za ka iya ba shi in ka ga dama.

Fara da na Ubuntu a daren nan. In configure ya tsaya maka, ɗauki hoton layuka goma na ƙarshe ka turo mini, zan duba bayan asuba in sha Allahu.