Wace na'urar XRD ce ta dace da ɗakin bincikenka?

XRD hanya ce ta gano yadda atom suke a jere cikin abu ta amfani da hasken eksire. Kafin ka tambayi kowane kamfani farashi, ka dubi abin da za a riƙa gwadawa. Gari ne ko ƙwayar kiristal guda ɗaya? Tushen na'urorin ɗaya ne, wato abin da Max von Laue ya gano a 1912, cewa hasken eksire yana watsuwa bisa tsari idan ya ratsa kiristal, sannan Bragg da ɗansa suka nuna yadda ake gane jeren atom daga wannan watsuwar. Amma kowace da aikinta.

Mai binciken siminti, yumɓu, ma'adinai ko kayan batir, na'urar gari ce tasa. Idan buƙatar ita ce a san mene ne a cikin samfur da yawansa, ƙananan na kan tebur irin su MiniFlex ta Rigaku, D2 Phaser ta Bruker ko Aeris ta Malvern Panalytical sun wadatar, kuma ɗalibi ba ya daɗewa bai iya su ba. Manyan, kamar D8 Advance, SmartLab da Empyrean, suna auna siraran shimfiɗu, suna bin yadda tsari ke sauyawa yayin da ake dumama samfur. Sai dai suna cin wuta, suna son na'urar sanyaya ruwa da ƙwararren mai kula. A ganina, babbar na'urar da ba ta da mai kula gara ƙaramar da ke aiki kullum.

Inda masu saye suka fi yin sakaci shi ne ƙarfen da ke cikin bututun da ke fitar da hasken eksire. Yawanci jan ƙarfe ake sakawa, wanda tsawon zangon haskensa angstrom 1.54 ne (angstrom ma'aunin tsawo ne a matakin atom). Matsalarsa, idan samfurin yana da baƙin ƙarfe da yawa, shi ma samfurin sai ya riƙa fitar da nasa hasken, ya dusashe ƙananan alamun da kake nema. Maganin shi ne bututun kobalt mai 1.79, ko na'urar gano haske da ke iya tace wannan hayaniyar. Ka faɗa wa dillali tun kafin a rubuta takardar ciniki, don sauyi daga baya kuɗi ne.

Na'urar kiristal guda kuwa ta masu haɗa sababbin sinadarai ce. Tana son ƙwaya mai kyau, kimanin milimita 0.1, galibi ana sanyaya ta da naitirojin zuwa kelbin 100 (wato digiri 173 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius), bututun kuma molibdinom mai 0.71 ko jan ƙarfe. Wanda aikinsa jefi-jefi ne, ya aika samfur wani ɗakin bincike, ko ya nemi lokaci a manyan cibiyoyin hasken eksire irin su ESRF da ke Faransa ko SESAME da aka buɗe a Jodan a 2017.

Saura manhaja. Rumbun bayanan da ake kwatanta sakamakon gwaji da shi, wato PDF na cibiyar ICDD, sai da lasisi, rumbun COD kyauta ne, haka manhajojin GSAS-II da FullProf na lissafin Rietveld, wanda ake daidaita tsarin kiristal da sakamakon gwajin gari da shi. Ka kuma tambayi kuɗin sabon bututu da wanda zai zo ya saka, domin bututu yana ƙarewa.