THEC64 Mini: Kwamfutar Ƙuruciya Ta Dawo, Amma Babu Jiran Kaset

Wata huɗu ke nan da na jona THEC64 Mini a jikin talabijin, kuma da gangan na ƙi rubuta komai a kanta a makonnin farko, domin na san cewa mutumin da ya sake haɗuwa da abin da ya so a ƙuruciya ba ya iya yi masa adalci sai ɗoki ya lafa. Akwai kuma wani dalili da ya fi wannan nauyi. Na taɓa faɗawa cikin jarabar wasan kwamfuta har ta ci mini barci da aiki, ta kuma taɓa zamana da iyalina, saboda haka tambayar da na shigo da ita ta wuce ko na'urar tana aiki da kyau. Ina so in san ko mutum irina zai iya ajiye ta a ɗakinsa ba tare da ya koma gidan jiya ba.

Ga wanda bai san asalinta ba, wannan na'ura kwaikwayo ce ta Commodore 64, kwamfutar gida da ta fito a Amurka a watan Agustan 1982. Lambar 64 ɗin nan adadin kilobayit ne na ƙwaƙwalwarta, wanda a yau ko hoto ɗaya na waya ba zai ɗauka ba. Tana nuna launi 16 kacal, amma tana da wani ɗan guntun sauti mai suna SID, wanda injiniya Bob Yannes ya ƙera, mai fitar da murya uku a lokaci guda, kuma shi ne ya sa kiɗan wasanninta ya fita daban da na sauran kwamfutocin zamaninta. An ƙiyasta cewa an sayar da tsakanin miliyan 12.5 zuwa miliyan 17 kafin kamfanin Commodore ya durƙushe a 1994. Ita kuwa THEC64 Mini wani kamfani ne na Ingila ya fitar da ita a 2018, girmanta rabin na asali, da wasanni 64 a cikinta, ana jona ta da talabijin ta wayar HDMI.

A ido, aikin ya yi kyau ƙwarai: launin nan mai kama da ƙasa-ƙasa, da ƙirar jikin mai tudu, da jerin madannai masu duhu, duk suna nan kamar yadda na san su. Sai dai madannan ado ne kawai, ba sa dannuwa, don haka duk wanda yake son yin rubutu sai dai ya jona kibod ta USB ko ya yi fama da wanda ke fitowa a fuskar talabijin, harafi bayan harafi. Ramukan USB biyu ne, kuma da zarar an saka sandar sarrafa wasa da kibod, babu sauran wurin filash sai an nemo abin da ke ƙara ramuka. A cikin kwalin akwai wayar wuta, amma babu kan caja. Sandar da ake bayarwa guda ɗaya ce, an yi ta ne a siffar wata sanannar sandar wasa ta da mai suna Competition Pro, kuma tun fitowar na'urar masu sharhi da yawa suka nuna cewa tana da tauri, abin da ke da muhimmanci a wasannin da kuskuren taki ɗaya yake kashe mutum. Hoton yana fita tas, akwai kuma zaɓin da ke sa masa layuka irin na tsohuwar talabijin mai ƙeya, wanda ni shi na fi so, domin masu zanen wancan lokaci da irin wannan fuska suka yi lissafi.

Wasanni 64 ba duka ne suka cancanci lokacin mutum ba. Kusan rabinsu na buɗe sau ɗaya ban sake komawa ba, wasu kuma da aka fi sanin Commodore 64 da su babu su a jerin. Amma waɗanda suka yi kyau sun isa su riƙe na'urar. Impossible Mission, wanda Dennis Caswell ya rubuta wa kamfanin Epyx a 1984, har yanzu yana ba ni mamaki: mutum yana yawo a ɗakunan wani mugun masani da ke ƙarƙashin ƙasa, yana binciken kujeru da kabad don tattara guntayen kalmar sirri, yana tsallake mutum-mutumi da alkafura, an ba shi awa shida a agogon wasan, kuma duk mutuwa ɗaya tana cinye masa minti goma. Ihun da mutumin cikin wasan yake yi idan ya faɗa rami, wanda ya firgita mu muna yara domin ba mu taɓa jin kwamfuta ta yi muryar mutum ba, yana nan yadda yake. Paradroid na Andrew Braybrook, na 1985, ya fi shi zurfi: da na'ura mafi rauni mai lamba 001 ake farawa, ana ƙwace jikin waɗanda suka fi ta ƙarfi ɗaya bayan ɗaya har zuwa mai lamba 999, kuma kowace ƙwace sai an yi wata gajeriyar gasa ta haɗa layukan lantarki. Monty on the Run kuwa, ko don kiɗan da Rob Hubbard ya tsara masa ya isa a kunna shi. Ga masu son wasan taro akwai Winter Games da California Games, inda ake miƙa wa juna sanda bi da bi.

Abin da na'urar ba ta dawo da shi ba shi ne jira, kuma a nan ne na fi daɗewa ina tunani. A gidanmu da kaset muke loda wasa. Sai a rubuta LOAD, kwamfuta ta ce a danna maɓallin kunna kaset, daga nan a zauna ana kallon layukan launi suna rawa a gefen talabijin na tsawon mintuna, wani lokaci fiye da goma. Sau da yawa a ƙarshen wannan jira sai saƙon kuskure ya fito, a mayar da kaset baya a sake daga farko, ko kuma yayana ya ɗauko ƙaramin sukundireba ya daidaita kan na'urar kaset ɗin da haƙurin da ban taɓa ganin ya yi wa wani abu ba. A lokacin muna ganin wannan azaba ce. Yanzu na gane cewa jiran nan shinge ne. Wanda ya san sauya wasa zai ci masa kwata na awa ba ya tsalle daga wannan zuwa wancan, kuma a cikin mintunan nan ne ake tuna cewa akwai aikin makaranta, ko a ji kiran da aka yi ta yi ba a amsa ba. Ban da haka, talabijin ɗaya ce a gidan, idan lokacin labarai ya yi mahaifinmu ba ya buƙatar yin magana sau biyu. Sannan kashe kwamfutar yana nufin komai ya tafi, domin yawancin wasannin ba su da wurin ajiye inda aka tsaya.

Ba ina cewa yaran wancan zamani sun tsira daga jaraba ba ne. Na tuna daren da na saci jiki na kunna Boulder Dash da sauti a kashe, ina haƙa rami ina tattara lu'ulu'u ina kauce wa duwatsun da ke faɗowa, ina ce wa kaina sau ɗaya kawai ya rage, har na ji motsin mutanen gida sun fara tashi. Kalmar nan ta "sau ɗaya kawai" tun a lokacin take, kuma waɗanda suka tsara wasannin sun san da ita, domin sun gaji dabarar daga injinan wasa na kasuwa da ake jefa wa kwabo, inda ake sa wasa ya yi wuya, rai uku ya ƙare da wuri, mutum ya ga kamar saura ƙiris ya haye. Bambancin shi ne a gida babu wanda yake cin riba idan yaro ya kwana a zaune. An riga an sayi kaset, ciniki ya ƙare.

Jarabar da ta kayar da ni daga baya ta wani wasan intanet ce, ina babba, da aure da 'ya'ya. Wasan ba shi da ƙarshe. Kullum akwai kyautar da za ta wuce idan ban shiga ba, akwai abokan ƙungiya da ke jirana a wasu ƙasashe inda rana take lokacin da nake dare, akwai akwatunan sa'a da ake saya ba a san abin da ke ciki ba. Wannan na ƙarshe tsohuwar dabara ce da masanin halayya B. F. Skinner ya nuna tun da daɗewa, cewa ladan da ba a san lokacin zuwansa ba ya fi sa a nace fiye da ladan da aka tabbatar da shi, kuma saboda kamarsa da caca ne hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin waɗannan akwatuna a matsayin caca a 2018. A shekarar ce kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka matsalar wasan bidiyo a sabon kundinta na cututtuka, ICD-11, wanda ya fara aiki a watan Janairun 2022. Alamomi uku ta lissafa: mutum ya kasa iko da lokacin farawa da na dainawa, wasa ya sha gaban sauran al'amuran rayuwarsa, sannan ya ci gaba ko ya ƙara duk da yana ganin ɓarnar da ake yi, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12 yana cutar da rayuwarsa kafin a kira shi cuta. Ranar da na karanta wannan ban sami ko ɗaya da zan musa ba. Hausawa sun ce sabo turken wawa, ni kuwa na fi shekara biyu a ɗaure a wannan turke kafin na goge wasan na nemi taimako.

Da wannan idon na auna THEC64 Mini, kuma ga abin da na gani. Ba ta shiga intanet, ba ta aiko da saƙo a waya, ba ta da kyautar yau da kullum, ba ta sayar da komai bayan an saye ta. Idan na yi mako ban kunna ta ba, babu abin da na rasa, babu wanda ya ji haushina. Ranar da ɗana ɗan shekara tara ya ƙarar da rayukansa a Monty on the Run, ya juyo ya ce, "Baba, ina ake danna wa a sayi ƙarin rai?" Na ce masa babu, sai dai a sake daga farko. Ya yi shiru, ya sake gwadawa sau biyu, sannan ya ajiye sandar ya tafi harkarsa ba tare da rigima ba, abin da ban taɓa gani ba a duk lokacin da na karɓe waya daga hannunsa.

Duk da haka ba zan ce babu haɗari ba, kuma haɗarin yana cikin abubuwan da aka ƙara mata don sauƙi. Kowane wasa yana buɗewa nan take, kowanne yana da gurbi huɗu na ajiye inda aka tsaya, kuma bayan sabunta manhajarta ana iya loda wasu wasannin daga filash, wanda ke nufin dubban wasannin da aka yi wa Commodore 64 suna iya zama a tafin hannun mutum, idan yana da haƙƙin mallakarsu. Ajiyar nan tana da fuska biyu. Tana ba mai aiki damar ya yi minti ashirin ya tashi ba tare da ya yi asarar ƙoƙarinsa ba, wanda alheri ne babba. Amma kuma tana cire hukuncin da ke sa a haƙura, domin wanda zai iya komawa daidai bakin ramin da ya faɗa sau hamsin ba shi da dalilin tsayawa a na goma. A wata na biyu na kama kaina a kogo ɗaya na Boulder Dash wajen ƙarfe biyu na dare, ina maimaita kalmar da na sani tun ina yaro. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya razana, don haka washegari na cire na'urar daga ɗakin kwana na mayar da ita falo, na kuma daina amfani da ajiya a wasannin da asalinsu ba su da ita. Tun daga nan abin bai sake faruwa ba.

Akwai wani ɓangare da ban zaci zai yi tasiri ba, wato BASIC, harshen rubuta shirye-shiryen kwamfuta, da aka bari a ciki. Shuɗin allon nan da kalmar READY da ɗan murabba'i mai ƙiftawa suna nan, kuma da na jona kibod na nuna wa yaran yadda layi biyu kacal, ɗaya na umarnin PRINT mai nuna rubutu ɗaya na GOTO mai sa a maimaita, suke sa sunan mutum ya cika fuskar talabijin ba iyaka, sai suka manta da wasannin gaba ɗaya na wannan yammacin. Haka mu ma muka fara, muna kwafar shirye-shirye daga mujallu layi bayan layi, muna neman waƙafi ɗaya da ya ɓata aikin awa uku. Wanda wannan ɓangaren ne ya fi jan hankalinsa, gara ya nemi babbar, THEC64 mai cikakken girma da ta fito a ƙarshen 2019, domin madannanta suna aiki kuma an inganta sandarta.

Ina ba da shawarar ƙaramar ga wanda ya san Commodore 64 a da kuma yake son awa ɗaya ta nishaɗi a ƙarshen mako, da kuma iyayen da ke neman wasan da za su zauna su yi tare da 'ya'yansu ba tare da an miƙo musu hannu ana neman kuɗi a tsakiyar wasa ba, amma su tanadi sanda ta biyu domin Pitstop II, tseren motar da ke raba fuskar talabijin gida biyu, ba ya daɗi sai da abokin karawa. Matashin da ya saba da wasannin yau zai iya gajiya da ita cikin kwana biyu. Wanda kuwa yake tsakiyar fama da jaraba a yanzu, kada ya saye ta da niyyar ta zame masa magani, likita ko mai ba da shawara kan halayya ya kamata ya fara gani. Tawa tana falo, sandarta a cikin aljihun tebur, kuma har yau ban haye kogon nan na Boulder Dash ba.