Washegarin Sallah: Kallon Hawan Daushe Ko Zaman Gida Da Abokai?

A Kano, in dai an yi hawa, washegarin Sallah ta Hawan Daushe ce. Da la'asar sarki zai fito, ya je Babban Ɗaki ya gaida mahaifiyarsa, ya dawo ta Ƙofar Kudu, hakimai suna jahi, algaita da kakaki suna tashi. UNESCO ma ta sanya hawan Kano cikin gadon al'adun duniya a 2024. Amma fita da abokai ranar sai mai haƙuri: ƙura, turmutsutsu, ga rana, kuma kafin magariba kun ɓace wa juna.

Zaman gida kuwa, musamman a Babbar Sallah, daban ne. A shimfiɗa tabarma a zaure, a kawo soyayyen naman layya da yaji, waina da miyan taushe, zoɓo mai sanyi. Abokin da ya dawo daga Legas ko Abuja, wanda rabonku da shi shekara guda, a nan za ka ji ainihin halin da yake ciki.

Ni na fi son zauren. Yara dai nakan kai su kallon dawakai, sannan in dawo a ci gaba da hira har bayan isha'i.