Na rina katako da kuloko da bagaruwa

Gwangwanin rinin katako da ake kawowa daga waje ya yi tsada a Damagaram, ga wari mai hawa kai. Shi ya sa da na tashi gyara teburinmu da wata kujera 'yar tsugunno, na bi shawarar wani baduku a Kasuwar Dole. Ya sayar mini da kwalbar kuloko, baƙin ruwan ƙarfen nan da suke yi wa fata zane da shi, ya ce: «Malam, ka haɗa da bagaruwa irin ta majema, shi kaɗai ba ya kama kowane itace.» Duka biyun ba su kai jika guda ba.

Bagaruwar dakawa ake yi, a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, a tace da ƙyalle. Ita ake fara shafawa, a bari ta bushe, sannan a bi da kuloko. Wurin nan ne abin ya burge ni. Ruwan bai da wani kauri, amma yana taɓa katakon sai ka ga toka-toka, kafin ka kai ƙarshen allon, farkonsa ya koma baƙi. Sinadarin bagaruwa mai ɗaure baki, wanda yake jeme fata, shi ne yake haɗuwa da ƙarfe su ba da baƙin a cikin naman itacen. Don haka ba ya ɓarewa kamar fenti, kuma jijiyoyin katakon suna nan ana ganinsu.

Sai dai kowane itace da halinsa. Kujerar ta madaci ce, tana da nata sinadarin, shafa ɗaya ta yi baƙi wuluk mai ɗan ja a ƙasa. Teburin kuwa farin katako ne, ya sha bagaruwa har na gaji kafin ya bar launin toka. Inda kafinta ya bar ɗigon gam ma, ruwan bai shiga ba sam, wurin ya tsaya fari fat.

Abin da mai sayarwa bai gaya mini ba shi ne ruwan yana tayar da gashin katako. Yana bushewa sai ka ji kaushi a tafin hannu, dole a sake gogewa a hankali. Kuma launi ne kawai, ba ya hana gara, ba ya tare ruwa. Sai da na bi da man goge katako baƙin ya zauna ya yi sheƙi, in ba haka ba ƙurar hunturu za ta mai da shi fururu.

Zan sake saya don madaci, ba tantama. Farin katako mai faɗi kuwa sai mai haƙuri. A sa leda a hannu, a shimfiɗa buhu a ƙasa, don ɗigon da ya faɗa kan simintin tsakar gidanmu uwargida ta wanke ta wanke, bai fita ba.